Yadda ake saita tsayin bakin yanka da farantin taɓawa a injin CNC

A injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, duk lokacin da ka kwance bakin yanka daga sifindil, wato motar da ke juya shi, ka ɗaura wani, sifirin Z, wato inda inji ke fara ƙirga hawa da sauka, ya tashi aiki. X da Y suna nan inda ka bar su, domin tsakiyar sifindil ba ta motsa ba, amma tsinin sabon bakin ba ya inda tsinin na farko yake. Ko baki ɗaya ka cire ka mayar, ba zai zauna a kolet, wato abin da ke matse gindinsa, daidai da zaman farko ba. Hanyar da aka saba ita ce a sa takarda a kan katako, a riƙa sauke baki kaɗan-kaɗan har ya kama ta. Tana aiki, sai dai takardar A4 da kanta ta kai kusan milimita 0.1, kuma hannun kowa da irin jinsa. A yankan da zai huda allo gaba ɗaya wannan ba wani abu ba ne. A rubutun da ake sassaƙawa da baki mai siffar V kuwa, kuskuren 0.1 a zurfi yana ƙara faɗin layi da 0.2 idan bakin mai digiri 90 ne, kuma ido yana ganinsa a ƙananan haruffa. Haka in baki biyu suka share rami ɗaya, za ka tarar da ɗan tudu a inda aikinsu ya haɗu.

Farantin taɓawa makunni ne kawai wanda baki da faranti suka zama ɓangarorinsa biyu. Inji yana sauke Z a hankali, da zarar ƙarfe ya taɓa ƙarfe sai waya ta kai wa allon sarrafawa labari, ya tsaya. Tunda an san kaurin farantin, an san inda saman katakon yake. Misalan da ke ƙasa na GRBL 1.1 ne, manhajar da ke tafiyar da inji daga cikin allon sarrafawa na Arduino Uno, tare da manhajar CNCjs da ke aika mata umarni daga kwamfuta, domin a nan ne ake ganin kowane mataki a fili. Mach3 da RichAuto, wasu tsarukan sarrafa inji, suna zuwa daga baya.

Kayan da ake buƙata

Farantin alminiyam ko tagulla, mai faɗin kamar milimita 50 zuwa 60 kowane gefe, kauri tsakanin 6 da 15. Abin da ya fi kaurin muhimmanci shi ne fuskokinsa biyu su zama a shafe, babu gefen da ya ɗara wani. Kada ka ɗauki alminiyam mai launi, irin baƙi ko shuɗi ko ja da ake yi wa rufin anodayiz, domin rufin ba ya wuce da wuta, kuma baki zai nitse cikinsa inji bai sani ba. Guntun allon lantarki mai fuskar jan ƙarfe ma yana yi, kaurinsa yawanci 1.6, amma yana lanƙwasa, sai an danne shi da yatsa.

Sai waya mai zare biyu, gwamma mai rigar kariya, kilif mai bakin kada ko ɗan maganaɗisu da za a manna a goron kolet, kafasita mai 100 nF, rezista tsakanin 1k da 4.7k, mitar gwajin wuta, da ma'aunin baniya na dijital. In akwai maikuromita ya fi.

Haɗa waya

A GRBL 1.1 kan Uno, ƙafar gwaji ita ce A5. Wayar faranti ta tafi A5, wayar kilif ta tafi GND, wato ƙafar ƙasa ta allon. Kada a juya su. A injuna da yawa jikin sifindil ya riga ya haɗu da GND ta wayar ƙasa ko ta firam, don haka in ka sa kilif a A5, kana maƙala shi a baki allon zai ɗauka an taɓa. Saboda wannan dalilin kuma, farantin kansa bai kamata ya zauna kai tsaye a kan gadon ƙarfe ko ya jingina da maƙallan da ke riƙe katako ba.

Wasu suna watsi da kilif gaba ɗaya, su dogara da cewa sifindil yana haɗe da GND. Ba mu ba da wannan shawarar ba. Wutar za ta bi ta cikin boris ne, ta ratsa maiko, yau ta wuce gobe ta ƙi, kuma sifindil mai boris na tangaran ba ya wuce da ita sam.

Rezistar da ke cikin Arduino mai riƙe A5 a 5V tana da rauni, tsakanin 20k da 50k take. Doguwar waya da ta bi kusa da wayar sifindil ko ta motocin sitefa tana kwasar hayaniyar lantarki, musamman in akwai VFD, na'urar da ke sarrafa gudun sifindil, sai allon ya ga taɓawar da ba a yi ba. Maganinsa: sa rezistarka tsakanin A5 da 5V, sa kafasitar tsakanin A5 da GND, duka biyun a jikin allon, ba a can wajen faranti ba. Rigar kariyar wayar a haɗa ta da GND ta gefen allon kaɗai. A shagon da ke aiki da janareta ba tare da sandar ƙasa ba, a fara gyara wannan tukuna, domin firam ɗin da ke ɗan jan mutum idan ya taɓa shi ba zai ba da awo mai tsabta ba, kuma haɗari ne ga mai aiki.

Kafin inji ya motsa ko kaɗan, gwada da hannu. Aika alamar `?` ta akwatin umarni, ka duba amsar. Sannan haɗa kilif da faranti ka sake aikawa. Ya kamata `Pn:P` ya bayyana sa'ad da suke haɗe, ya ɓace idan ka raba su. In ya fito a juye, duba `$6`, saitin GRBL mai juya siginar taɓawa. Ga faranti da kilif `$6=0` ake so.

Auna kaurin faranti

Kada ka yarda da lambar da mai sayarwa ya rubuta. Auna kusurwa huɗu da tsakiya. In bambancinsu ya wuce 0.03, ko dai ka gyara fuskar ko ka yi alama a wuri ɗaya, ka riƙa taɓawa a nan kullum, ka yi amfani da kaurin wurin. Goge gefuna da fayil don kada wani ɗan ƙarfe da ya tashi ya ɗaga farantin. A misalanmu kaurin 12.04 ne. Kai ka sa naka.

Umarnin taɓawa

Ɗora faranti a kan katako, share ƙarƙashinsa, maƙala kilif a jikin baki ko goron kolet, kawo tsinin kamar milimita 10 zuwa 15 a saman farantin. Sifindil a kashe. Ga jerin:

```
G21 G49
G92.1
G91
G38.2 Z-25 F150
G0 Z2
G38.2 Z-3 F25
G4 P0.3
G10 L20 P1 Z12.04
G0 Z10
G90
```

G21 yana tabbatar da milimita ake magana. G49 da G92.1 suna share duk wani tsohon gyaran tsayi da ya rage, don kada ya shiga lissafi. G91 yana sa kowace tafiya ta zama daga inda baki yake yanzu. G38.2 shi ne umarnin taɓawa: sauka har milimita 25, in ka taɓa ka tsaya, in ba ka taɓa ba ka yi ƙararrawa. Bayan taɓawar farko a ɗaga 2, a sake sauka a hankali, sannan G4 ya ɗan dakata. G10 L20 P1 yana gaya wa allon cewa inda tsinin yake yanzu, a tsarin G54 da ake ƙirga wuraren aiki da shi, sunansa Z12.04, wanda ke nufin sifiri yana ƙasan farantin, daidai saman katako. G90 na ƙarshe ba ado ba ne. In ka manta shi, aikin da zai biyo baya zai iya ɗaukar kowace lamba a matsayin ƙari kan ta baya.

Me ya sa sau biyu? Inji ba ya tsayawa cak a lokacin da aka taɓa. Yana rage gudu ne bisa abin da aka sa a `$122`, saitin saurin ƙara ko rage gudun Z, kuma G10 L20 yana aiki da inda ya tsaya, ba inda ya taɓa ba. Nisan da yake zarcewa shi ne gudu sau gudu, a raba da ninki biyu na `$122`, gudun a milimita cikin daƙiƙa. Ɗauki `$122=50`. F150, wato milimita 150 a minti, milimita 2.5 ne a daƙiƙa, zarcewar ta kai kusan 0.06. F25 kuwa bai wuce 0.42 a daƙiƙa ba, zarcewar ba ta kai 0.002 ba. In an bar `$122` a 10, yadda GRBL ke zuwa da shi, taɓawar F150 za ta zarce da kusan 0.3, abin da ya isa ya karya tsinin baki mai V ko siririn baki na milimita 1. Ga irin waɗannan, sauke gudun farko zuwa F50 ka fara daga kusa. Ta farko neman wuri ce, ta biyu ita ce awo.

An zaɓi G10 L20 a kan G92 da gangan. G92 yana gushewa idan allon ya sake tashi, shi kuwa G10 yana shiga ma'ajiyar da ba ta gogewa in an ɗauke wuta. Ga mai aiki inda wuta ke tafiya ba sallama, bambancin babba ne: in injin yana da makunnan gida, waɗanda ke nuna masa mafarinsa, wuta ta dawo ka aika `$H`, umarnin komawa gida, sifirinka yana nan.

Gwajin farko a yi shi a iska. Ɗaga Z sama sosai, riƙe faranti a hannu, kunna jerin, ka taɓa farantin da baki da kanka tun yana nesa da gado. Ya tsaya, ya ɗaga, ya sake sauka, ka sake taɓawa. Ɗaya hannun yana kan jan maɓallin tsayarwa. Sai ya yi haka lafiya sannan ka ajiye jerin a matsayin makiro, wato umarni da yawa a ƙarƙashin maɓalli ɗaya.

Ka mayar da wannan al'ada: kafin kowane awo, ɗaga farantin ka taɓa shi da tsinin baki, ka ga manhaja ta nuna. Faranti da kilif makunni ne da ke buɗe a zaman jiransa, don haka wayar da ta tsinke da wayar da ke lafiya kamanninsu ɗaya ne a wurin allon, har sai baki ya nitse.

Tabbatar da awon

Cire faranti da kilif. Aika `G0 Z1`, sannan ka sauka da taku na 0.1 har Z0.1. Takarda ta shiga ƙarƙashin tsinin da ɗan ja. In ta wuce sakaka ko ta ƙi shiga, lambar kaurin ce ke da gyara. Gwajin da ya fi wannan shi ne ka yanka ɗan rami mai zurfin 2 a guntun MDF ka auna da wutsiyar baniya. In ya fito 2.06, inji yana sauka fiye da kima, wato ya ɗauka saman katako ya fi ƙasa da inda yake, sai ka rage 0.06 daga lambar kaurin. In ya fito 1.94, ka ƙara.

Daga nan gwada maimaituwa. Bayan kowace taɓawa GRBL yana buga layi irin `[PRB:-120.000,-85.000,-43.212:1]`. Lamba ta uku ita ce Z a ainihin lokacin taɓawa, ta ƙarshen kuma 1 ce in an yi nasara. Yi awo goma ba tare da motsa faranti ba, ka rubuta lambobin taɓawa ta biyu. Ga aikin katako, in duk suna cikin 0.02 da juna, ya wadatar. Ba za ka samu abin da ya fi taku ɗaya na motar Z kyau ba: sukurin 1605 mai tafiyar 5 a juyi ɗaya, da mota mai taku 200 da aka raba takwas, yana ba da taku 320 a milimita, kusan 0.003 kowanne. Yadda lambobin suka watse yana nuna inda ciwon yake. In suna tafiya gefe ɗaya a jere, ko Z yana zubar da taku, ko baki yana zamewa a kolet, ko tsini yana haƙa rami a farantin. In suna tsalle gaba da baya, datti ne, ko faranti mai rawa, ko hayaniyar waya.

A ina za a sa sifiri

Wannan sai ya dace da abin da ka zaɓa a manhajar zane, ko ArtCAM ce ko Aspire ko Fusion 360. In ka ce sifiri yana saman katako, a saman katako za ka ɗora faranti. In ka ce yana ƙasa, a kan allon shimfiɗa, wato allon da ke kan gado a ƙarƙashin katako, za ka ɗora. Saɓanin waɗannan biyun shi ne ke sa baki ya yi ta yawo a iska, ko ya nitse da kaurin allo guda cikin gado.

Ga sassaƙa da rubutu, saman katako ya fi, tunda daga sama ake ganin zurfi. Ga yankan da zai raba allo, allon shimfiɗa ya fi, domin MDF ko filawud da aka ce 18 ne ba lallai ya cika 18 ba, kuma in daga ƙasa ka auna, baki zai tsaya daidai inda ka ce ko da allon ya gaza ko ya ɗara.

Ma'auni na dindindin don canjin baki

Faranti mai yawo yana da matsala ɗaya a aikin da ke cin baki uku ko huɗu. Bayan bakin farko ya share saman katakon, wurin da ka ɗora faranti ba ya nan. A sassaƙar ƙofa mai tudu da kwari ba za ka samu ko tafin hannu na shafaffen wuri ba. Mafita ita ce a raba awon gida biyu. Sifirin aiki a ɗauke shi sau ɗaya da faranti mai yawo. Tsayin kowane baki kuma a ɗauke shi a wani wuri da ba ya motsi, kamar alamar da magini ke bugawa a bango ya riƙa komawa kanta har ginin ya ƙare.

Wurin zai iya zama faranti na biyu da aka ɗaure da sukuri a kusurwar gado a kan roba ko katako, wayarsa a haɗe da ta na farko. Zai iya kuma zama ma'auni mai maɓalli da sifirin (ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo) a ciki, wanda baki ke dannawa. Mai maɓallin ya fi: ba ya buƙatar kilif, yana aiki da bakin da ba ya wuce da wuta, kuma sifirin ɗin da ke cikinsa yana shanye zarcewar. Amma ka duba irinsa da mita kafin ka saya. Da yawansu a rufe suke a zaman jira, su buɗe in an danna, akasin faranti. Irin wannan shi kaɗai yana aiki da `$6=1`, har ma ya fi aminci, tunda in waya ta tsinke allon zai ga kamar an taɓa ya ƙi sauka. Sai dai ba za ka haɗa shi da faranti a ƙafa ɗaya kai tsaye ba, don zai riƙe A5 a GND kullum. Ko ka nemi mai buɗewa a zaman jira, ko ka juya siginarsa da taransista ko ƙaramin rile.

Wannan tsarin ba ya yiwuwa sai da makunnan gida, `$22=1`, da `$H` a farkon kowane zama, domin da G53 ake zuwa wurin, shi kuwa G53 daga gidan inji yake ƙirga. Kai sifindil da hannu har tsakiyarsa ta daidaita da tsakiyar ma'aunin, ka rubuta X da Y na inji, ba na aiki ba. A misalinmu X-30 da Y-40 ne, kuma Z yana da tafiyar 80.

GRBL 1.1 ba ya ajiye lamba ya yi lissafi da ita, kuma bai san M6, umarnin canjin baki, ba, in ya gan shi `error:20` zai ba ka. Manhajar kwamfuta ce ke ɗaukar wannan nauyin. A CNCjs ana yi da makiro biyu. Na farko ana kunna shi da zarar an gama ɗaukar sifirin aiki, bakin farko yana ɗaure:

```
G21 G90
G53 G0 Z-2
G53 G0 X-30 Y-40
G91
G38.2 Z-70 F200
G0 Z2
G38.2 Z-3 F25
G4 P0.3
%wait
%global.state.TSAYI = posz
G0 Z5
G90
G53 G0 Z-2
```

Abin da ya yi shi ne ya tambayi tsayin ma'aunin dindindin a tsarin G54 na aikin nan, ya ajiye amsar, misali -18.35. Layin `%wait` yana hana manhajar karanta lambar kafin inji ya gama tsayawa. Rubuta lambar a takarda ka manna a jikin inji, domin tana cikin kwamfuta ne kawai, in CNCjs ya mutu ta tafi.

Na biyu ana kunna shi bayan kowane canjin baki:

```
M5
G21 G90
G53 G0 Z-2
G53 G0 X-30 Y-40
G91
G38.2 Z-70 F200
G0 Z2
G38.2 Z-3 F25
G4 P0.3
G10 L20 P1 Z[global.state.TSAYI]
G0 Z5
G90
G53 G0 Z-2
```

Sabon baki ya taɓa wuri ɗaya da na farko, aka ba wurin suna ɗaya, saboda haka sifirin katako ya dawo daidai ko bakin ya fi tsawo ko ya gaza. Lura cewa kaurin ma'aunin dindindin bai shiga lissafi ba ko kaɗan. Abin da ake nema a gare shi kawai kada ya motsa. Gudun taɓawa ta biyu ya zama ɗaya a makiro biyun, don zarcewarsu ta kashe juna.

Tafiyar aikin ke nan: `$H`, ɗaura bakin farko, saita X da Y, ɗauki sifirin Z da faranti, kunna makiro na farko, fara aiki. Idan fayil ya kai M6, CNCjs zai dakata. Canza baki, kunna makiro na biyu, cire kilif in da shi kake aiki, sannan ka ci gaba. Kilif da aka manta a jikin goro yana naɗe waya cikin ƙiftawar ido idan sifindil ya tashi, shi ya sa ya kamata a yi masa maratayi a inda ido zai faɗa kafin a danna ci gaba. Duba kuma fayil ɗin da manhajar zane ta fitar, ka tabbata akwai M3, umarnin kunna sifindil, da gudun juyi bayan kowane M6, in ba haka ba baki zai shiga katako ba ya juyawa.

In wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, `$H` sannan makiro na farko da bakin da ke ɗaure zai dawo maka da lambar, tunda G54 yana daidai da wannan bakin. In ta ɗauke bayan ka canza baki kafin ka auna, nan ne takardar da ka manna za ta yi rana: sa lambar da hannu a layin G10.

Akwai wata hanyar da G43.1, inda ake barin G54 yadda yake a ba allon bambancin tsayi kawai. In bakin farko ya taɓa a Z-62.40 na inji, sabon ya taɓa a Z-55.15, sabon ya fi tsawo da 7.25, sai a aika `G43.1 Z7.25`. Lissafin daidai ne, amma GRBL yana manta wannan gyaran duk lokacin da aka sake tayar da shi, mai aiki kuma ba lallai ya lura ba. Wanda ba ya son rubuta makiro, gSender da bCNC suna da tsarin canjin baki da ma'aunin dindindin a cikinsu, wuri da gudu kawai za ka cika.

Abu ɗaya da ke kama mutane: babban bakin share allo, mai faɗin 25 ko fiye, haƙoransa suna gefe, tsakiyarsa a sama take. In ya sauka a tsakiyar ƙaramin maɓalli, jikinsa ne zai danna, ba haƙori ba. Yi masa makiro dabam da aka gusar da X da rabin faɗinsa, ka juya shi da hannu har haƙori ɗaya ya daidaita da maɓallin.

Mach3 da RichAuto

A Mach3 umarnin taɓawa G31 ne. Ana kunna layin Probe a Ports and Pins, a sa lambar ƙafa da Active Low, a tabbatar fitilar Digitize tana kamawa a shafin Diagnostics idan an haɗa kilif da faranti. Maɓallin Auto Tool Zero yana zuwa babu komai a cikinsa, ta Edit Button Script ake zuba masa umarni. Tsarin ɗaya ne da na sama, da ƙarin fa'ida cewa Mach3 yana ajiye ainihin wurin taɓawar Z a lamba 2002, ana iya komawa can kafin a rubuta kauri. Wasu allunan USB masu araha ba sa cika wannan lambar daidai. In naka haka yake, bar ta, ka dogara da taɓawa ta biyu mai sanyi.

Manyan injunan 1325 na Sin da ake yankan ƙofofi da allunan talla da su, da yawa suna zuwa da rimot ɗin RichAuto A11 da ɗan ma'auninsa mai waya. A nan ba a rubuta komai. Ana sa kaurin ma'aunin a C.A.D. Thickness cikin saitin inji, a ɗora shi a kan katako, a danna MENU tare da ON/OFF, Z ya sauka da kansa. Lambar da aka sa daga masana'anta ba lallai ta dace da ma'aunin da ke hannunka ba, ka auna ka gwada da ramin milimita 2 kamar yadda aka bayyana.

Idan abu ya ƙi

`ALARM:4` na nufin allon ya ga an taɓa tun kafin a fara sauka. Duba ko an juya wayoyi, ko faranti yana taɓa ƙarfen gado, ko `$6` ba daidai ba ne. Yana kuma fitowa a taɓawa ta biyu idan ɗagawar 2 ba ta isa maɓalli mai sifirin ya saki ba, sai a mai da ita 3 ko 4, a ƙara nisan saukar ta biyu daidai da haka.

`ALARM:5` na nufin an cinye nisan ba a taɓa komai ba. In bakin yana iska, ka fara daga nesa ne. In yana kan faranti, wuta ce ba ta wuce ba. Ƙaron katako da gam ɗin MDF suna taruwa a tsini su zama rufi, a goge da burushin tagulla da ɗan sinadarin wanke baki. Wasu bakunan masu rufin lu'ulu'u ba sa wuce da wuta yadda ya kamata, a gwada su da mita tsakanin tsini da gindi kafin a yarda da su.

`ALARM:2` a lokacin taɓawa yana zuwa ne in `$20=1`, wato an kunna duba iyakar tafiya, kuma nisan da ka rubuta a G38.2 ya wuce iyakar tafiyar Z. GRBL yana duba ƙarshen tafiyar ne, bai damu da cewa za a taɓa kafin a kai can ba. Rage lambar.

Inji ya tsaya a iska ya ce ya taɓa: hayaniya ce. Raba wayar gwaji da ta sifindil, ka duba kafasita da rezista, in abin ya ci gaba ka sa oftokofla, ƙaramar na'urar da ke wuce da sigina ta haske, tsakanin faranti da allon.

Awo ya yi kyau amma yanka ya yi sama da yadda ake so: ƙura ce a ƙarƙashin faranti, ko katakon ya bankare ya ɗaga a inda ka auna alhali matsewa za ta kwantar da shi. Ɗaure katako tukuna, sannan ka auna. Da hunturu, ƙurar da ke sauka a kan ma'aunin dindindin tsakanin canji da canji ta isa ta ɓata lamba, murfin roba ko busawa ɗaya kafin awo yana magance ta.

Zurfi yana ƙaruwa ana cikin yanka duk da awon farko daidai ne: baki ne ke zamowa daga kolet, abin da bakin da ke jan ɓarɓashi sama ya fi yi. Wanke kolet da goro, danna kolet cikin goro har ya yi ƙas kafin ka sa baki, kada ka tura bakin har inda haƙora suka fara, kuma kolet na 6 ba ya riƙe gindin 6.35, haka na 6.35 ba ya riƙe gindin 6 da kyau. Don ka tabbatar, kunna makiro na farko bayan an gama yankan ka kwatanta lambar da wadda ke kan takarda. In ta canza, bakin ya motsa ko Z ya zubar da taku, kuma `$H` da sake awo zai nuna maka wanne ne: in lambar ta dawo daidai bayan komawa gida, taku ne aka zubar, in ba ta dawo ba, kolet ne.